Ni Ce Na Tsallake 'Ya'yan Fari a Ƙidaya

Daga akwatin saƙo. Mai saƙon ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, iyayena da 'yan'uwana, da fatan kowa yana lafiya. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi min faɗa, na san akwai waɗanda za su yi, kuma ban ce ban cancanta ba. Sau uku ina rubuta saƙon nan ina gogewa, yau dai na ce ko me za a ce sai na turo, don lokaci ya ƙure min.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a nan yankin Birnin Kudu, shekarata shida ina koyarwa. Duk wadda ta zauna a ajina ta san halina, ina da zafi, kuma ba na wasa da lamba. Yarinya ta rubuto min amsa ba ta nuna hanyar da ta bi ba, ko amsar daidai ce sifili nake zabga mata, har suka laƙaba min suna Malama Ina-kika-samo, su a zatonsu ban sani ba. Na sani sarai, kuma gaskiya sunan yana yi min daɗi, shi ya sa abin da zan faɗa muku yake ƙara ci min rai.

A zangon da ya wuce aka turo mana takarda daga sama cewa 'yan aji biyar za su yi furojek. Kowace yarinya ta nemo alƙaluman da gwamnati ta wallafa a kan wani abu, ta yi nazari a kansu, ta zana jadawali, ta rubuta abin da ta fahimta, waɗanda suka fi kyau a kai su gasa Dutse. Sharaɗi ɗaya aka ja wa layi, dole alƙaluman su zama na hukuma. Ni aka ɗora wa kula da aikin. Yawancin yaran mai sauƙi suka ɗauka, wannan ruwan sama, waccan amfanin gona, su kwafo daga intanet a ɗakin kwamfuta su shafa wa zanen kala su miƙo. Sai yarinya ɗaya, bari in kira ta Hanne, ba shi ne sunanta ba.

Hanne 'yar wani ƙaramin ƙauye ce a mazaɓar Zandam, can ƙasar Gwaram. Mutanensu Fulani ne da suka daɗe da zama, suna noma suna kiwo, Hausa suke yi. Ita ce mace ta farko daga ƙauyen da ta kai aji biyar. Ba ta da surutu, sai ka yi zaton ba ta ajin, amma in ka yi kuskure a allo hannunta ne zai fara ɗagawa, ko ni ba ta raga min. Ina son yarinyar nan har cikin raina, duk da ban taɓa nuna mata ba, ni ba na nuna wa ɗalibi so.

Ita sai ta zaɓi wani rahoto na ƙidayar yaran da suka isa shiga firamare, wanda aka yi shekara bakwai da suka wuce, ƙauye bayan ƙauye. Tana faɗin sunan rahoton na ji gabana ya faɗi, amma na daure na ce ta ci gaba. Bayan sati biyu ta same ni a ofishin malamai da takardunta. Jadawali biyu ta haɗa, ɗaya na yawan yaran da ke kowane ƙauye, ɗaya na yawan waɗanda ke rajistar makaranta a shekarar. Da ta raba wannan da wancan sai ƙauyensu ya fito kan gaba a duk mazaɓar, wai kusan kowane yaro yana makaranta. Dariya take yi tana nuna min, ta ce ko dai wani garin masu ƙidayar suka je, don ita a shekarar tana firamare, kuma ta san gidajen da ko yaro ɗaya ba ya zuwa. Na ce mata lambar hukuma ce, ta zana abinta ta wuce. Sai ta ce ai ni na koya musu kada su yarda da lambar da ba su san inda ta fito ba. Na kore ta da cewa ina da makin jarrabawa.

To ga inda lambar ta fito. Ni ce na yi ƙidayar ƙauyen nan.

A lokacin na gama kwalejin ilimi ina zaune a gida ban samu aiki ba, sai aka ɗebi matasa aikin wucin gadi. An fi neman mata saboda mu ne za mu iya shiga cikin gida. Aka yi mana bita ta kwana biyu, aka ba mu fom da jaka, ni aka jefa ni ƙauyen su Hanne, aka ce kwana huɗu in gama. Tsarin fom ɗin shi ne uwa ake tambaya, 'ya'yanki nawa ne suka isa shiga firamare, ta faɗa ki rubuta. Damina ce, ɗan acaba a bakin fadama yake sauke ni, sauran tafiyar a ƙafa cikin taɓo, gidajen kuma ba a haɗe suke ba, wannan yana nan wancan sai kin ratsa gonar dawa. Na yi kwana biyu da rabi ina tambaya ina rubutawa, ina jin kaina ma'aikaciyar gwamnati.

Ranar ta uku da azahar na shiga wani gida, matar ta ce min yaranta biyu. Surukarta tana gefe a kan tabarma tana tsince wake, sai ta kwashe da dariya ta ce:

"'Yar birni, uwa kike tambaya ɗan fari? Ko kwana za ki yi a nan ba za ta sa shi a lissafi ba. Ɗan farinta ai nawa ne, tun yaye yake ɗakina."

Na dubi matar, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta. Jama'a ni Bahaushiya ce, na san kunyar ɗan fari, Innata har yau ba ta kiran sunan Yayanmu. Amma a gidanmu in aka tambaye ta 'ya'yanta nawa za ta faɗi adadin duka, sunan ne kawai ba ta kamawa. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai inda kunyar ta kai har uwa ta cire shi daga ƙirga ba. Tsohuwar ta ce duk ƙauyen haka suke, in ana son sanin ɗan fari kaka ake tambaya ko gwaggo. Ni kuwa fom ɗina babu gurbin kaka.

Na fito na tsaya a gindin wata bishiya na tuna gidajen da na baro a baya. Komawa yana nufin in sake taka taɓon nan tun daga farko, ƙafafuna sun kumbura, saura min kwana ɗaya da rabi, kuma dole in je in ce wa mai duba aikinmu na yi kuskure, ni da aka yaba a wajen bita. Ban koma ba. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na yi tunanin in na fara sa 'ya'yan fari a sauran gidajen, za a ga fom ɗin farko da na ƙarshe sun bambanta a tambaye ni dalili. Don haka na ci gaba yadda na fara, uwa ta faɗa in rubuta, ina ganin yaro ya fito daga ɗakin kaka in kau da kai. Ina sane na yi. Na sa hannu a ƙasan kowane fom cewa abin da ke ciki gaskiya ne, na miƙa, na ce a raina wa zai taɓa duba lambar wannan ƙauyen.

Shekara bakwai babu wanda ya duba, har na manta, ko in ce na koya wa kaina mantawa. Sai ga Allah ya kawo min mai dubawa cikin ajina, kuma ni na koya mata yadda ake dubawar.

Da aka yi hutu na yi fatan abin zai fita daga ranta. Ashe gida-gida ta bi. Kuma ita 'yar gari ce, ba ta tambayi uwa ko ɗaya ba, tsofaffi ta zauna da su. Inda ba a san shekarun yaro ba sai ta tambayi da wa aka yaye shi, da wa aka yi musu kaciya, ta gwada da wanda yake da takardar haihuwa. Ta rubuta sunan duk wanda ya isa firamare a waccan shekarar, gida bayan gida, a littafi guda. Da aka dawo ta kawo min, ta buɗe shafin ƙarshe inda ta ware 'ya'yan fari daban. In ka cire su daga lissafinta, abin da ya rage kusan daidai yake da lambar gwamnati. Yarinya 'yar shekara sha bakwai ta gano abin da na yi ba tare da ta san ni na yi ba.

"Malama, har ni ba na ciki," in ji ta. "Ni 'yar fari ce. Ina cikin rajistar makaranta, amma ba na cikin yaran garin."

Na yi ta ƙoƙarin tuna gidansu, ko na ga wata yarinya mai kama da ita, wallahi ban tuna ba. Ta kuma ce min Baffanta ya gaya mata dattawan ƙauyen sun sha zuwa neman a ƙara musu aji da malami, ana ce musu a takarda ba su da matsala. Ba zan rantse cewa fom ɗina ne ya jawo ba, ban san da wace takarda aka yi aiki ba, amma tun da ta faɗa abinci ba ya yi min daɗi. Duk da haka abin da na iya ce mata shi ne aikin ya yi kyau, ta kai wa shugaban sashenmu ya gani. Na tura ta ne don in raba kaina da maganar.

Shugaban sashen dattijo ne, ya kusa ritaya, ba mugu ba ne, amma shi duk takardar da ke ɗauke da tambarin gwamnati ta gama magana. Yana karantawa ya hau faɗa, ya ce an ce a yi nazarin alƙaluman hukuma ba a ce a ƙaryata su ba, ya ce wa ya san ko a ɗakin kwanansu ta zauna ta ƙirƙiro sunayen nan, yaushe yarinya za ta fi ma'aikatan da aka horar, kuma in aka kai wannan Dutse gaban manya makarantar za a kunyata. Hanne ta ce masa a je ƙauyen a tambaya, ya ce rashin kunya take yi masa. Magana ta kai gaban firinsifal.

Aka kira mu ofis, ni da shi da Hanne. Hajiya firinsifal mace ce mai adalci, ta saurari kowa, ta juya littafin sunayen a hankali, na ga alamar abin ya shige ta. Sai ta dube ni ta ce ni na kula da aikin, kuma ni ce malamar lissafi, me na gani. Ga dama Allah ya ba ni har cikin hannu. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ranki ya daɗe, yarinya ce, wataƙila ta ruɗe wajen ƙiyasin shekaru."

Hanne ta juyo ta kalle ni. Ba ta yi kuka ba, ta dai kalle ni sannan ta mai da idonta ƙasa. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Hajiya ta yanke cewa nan da ranar Laraba ko dai Hanne ta cire wannan ɓangaren ta rubuta takardar ban haƙuri ga shugaban sashe, ko kuma a kawo hujjar da ta wuce littafinta. In ba haka ba babu ita babu gasa, kuma za a rubuta a fayil ɗinta cewa ta ƙirƙiri alƙaluma.

Kun san makarantar kwana, kafin la'asar labari ya zaga. Yanzu in ta wuce sai ka ji ana cewa ga mai ƙidaya nan, a ɓoye yara kada ta ƙirga. Wasu na cewa don ta je Dutse ta yi ƙarya. A aji ta daina ɗaga hannu. Shekaranjiya da gangan na yi kuskure a allo don in ga ko za ta gyara min, ta gani, na san ta gani, ta ci gaba da kwafa.

Na gaya wa maigidana komai, shi kaɗai ya sani. Shi ma ma'aikaci ne, ya san yadda ofis yake. Ya ce in rufa wa kaina asiri, in lallashi yarinyar ta cire shafukan ta ba da haƙuri, ai za ta ci jarrabawarta ta wuce, nan da shekara biyu ta manta. Ya ce in na buɗe baki, na amsa da kaina cewa na sa hannu a kan ƙarya a aikin gwamnati, ƙaramin abin da zai biyo baya shi ne takardar tuhuma, babban kuma Allah kaɗai ya sani, ga yaranmu uku. Ya ce ƙila ma ba ni kaɗai na yi haka ba a cikin masu ƙidayar. Na ce masa ko duk sun yi, ni ce wadda tsohuwa ta gaya wa gaskiya da azahar na ci gaba da rubutu. Mun ɗan yi sa-in-sa, ya ce taurin kaina ne zai kai mu ya baro, na ce da ina da taurin kan da tuni na faɗa. Ban ga laifinsa ba, tsoro yake ji, ni ma shi nake ji.

Na yi tunanin bin tsakiya, in koma wajen Hajiya in ce na sake dubawa na gamsu da aikin yarinyar, ba tare da na ambaci kaina ba. Amma an riga an ce littafinta bai isa ba, hujja ake nema, hujjar kuma ni ce. Na yi tunanin rubuta takarda ba suna in jefa ofis, sai na ga shugaban sashe zai ce Hanne ce ta rubuta, in ƙara mata wani laifin. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ba aikin kaɗai nake tsoro ba. Ina tsoron ranar da zan shiga aji yara sittin su san cewa matar da ke ba su sifili saboda lamba ɗaya ta tsallake yaran ƙauye guda don kada ta taka taɓo. Girman kai ne, na sani, amma yana nan a ƙirjina.

Abin da ya sa na turo saƙon nan yau shi ne, jiya bayan an tashi Hanne ta tsaya har kowa ya fita. Na ɗauka ta zo ta ce ta haƙura za ta cire, har na ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe min. Sai ta ce ba za ta cire ba, kuma ba za ta ba da haƙuri a kan abin da ba ta yi ba. Ta ce ta karanta a ƙarshen rahoton cewa kowane ƙauye akwai wanda ya ƙirga shi, kuma Innarta ta tabbatar mata mace ce ta zo, matashiya mai jaka. Don haka tana so ta je sakatariya a Gwaram ta roƙi a duba mata sunan matar.

"Ni ba rigima zan yi da ita ba, Malama. Tambaya ɗaya zan yi mata, ko ta sa 'ya'yan fari. In ta ce ta sa, wallahi da hannuna zan yaga littafina in ba da haƙuri a gaban asembili. In kuma ba ta sa ba, ta faɗa da bakinta kawai, a daina ce min maƙaryaciya."

Na ce mata ba lallai a samu sunan ba, shekaru sun ja. Ta ce za ta gwada. Ta ce Hajiya ta yarda ta fita ranar Litinin in har malama za ta raka ta, kuma ita sunana ta bayar. Na tambaye ta me ya sa ni, bayan abin da na faɗa a ofis. Ta ce ta yi fushi kwana biyu, daga baya ta gane ba ƙinta nake yi ba, hujja nake so ta kawo kamar yadda na saba, kuma duk makarantar nan ni kaɗai ce ba za ta bari a rufe gaskiya a kan lamba ba. Na ce mata Allah ya kai mu. Tana fita na rufe ƙofar ajin na zauna a kujerar ɗalibai na yi kuka.

'Yan'uwa ku gaya min gaskiya ko da za ta yi min ciwo. In faɗa wa Hajiya komai in wanke yarinyar nan, in rungumi duk abin da zai biyo baya ni da iyalina? Masu aikin gwamnati a cikinku, me ake yi wa wanda ya amsa irin wannan laifin bayan shekara bakwai? Malaman addini kuma, in na yi shiru aka rubuta mata maƙaryaciya a fayil alhali na san ni ce, me zan ce wa Allah? Ko Hanne zan fara gaya wa, ita da ta fi kowa haƙƙin ji, kuma da wane baki zan fara?

Yau Asabar. Jibi da safe za ta tsaya a bakin get da littafinta a hannu tana jirana, mu hau mota zuwa Gwaram neman matar da ke zaune kusa da ita. Don girman Allah ku ba ni amsa kafin lokacin.